Maƙalar Malam da na buɗe a Ingila, shi kuwa ya kasa buɗe ta a gida

Wata Lahadi da daddare, a zangon karatuna na farko a nan Ingila, na danna mahaɗin wani babi da aka ce mu karanta kafin darasin Talata, sai ya ƙi buɗuwa. Ban tayar da hankalina ba, don a sanina idan irin wannan ta faru, ɗalibi ne zai san dabarar da zai yi. Wata 'yar ajinmu ce ta ce in aika wa laburare imel. Na rubuta layi biyu ba tare da na sa rai ba. Kafin azahar ɗin Litinin amsa ta iso. Wata ma'aikaciya ta gyara mahaɗin, ta turo mini shi, sannan ta ba ni haƙuri a kan lokacin da aka ɓata mini. Wannan ban haƙurin ne ya tsaya mini a rai. Shekara huɗu na yi ina digirin farko a gida, ban taɓa jin cewa akwai wanda aikinsa shi ne ya tabbatar abin karantawa ya iso hannuna ba.

Ga yadda abin yake a nan. Kowane kwas yana da shafinsa a Moodle, dandalin intanet da jami'a ke ɗora kayan karatu, kuma a cikin shafin akwai jerin abubuwan karantawa da aka raba mako-mako, an nuna wanda ya zama dole da wanda yake na ƙarin haske. Tun kafin a dawo hutu malami yake miƙa wa laburare jerin. Su ne za su duba ko suna da littafin, su saya idan babu, su nemi kwafinsa na intanet. Idan mawallafi bai fitar da irin wannan kwafin ba, sai su ɗauki hoton babin da ake buƙata a ƙarƙashin lasisin haƙƙin mallaka da jami'a ke biya, wanda ya ƙayyade iya abin da za a kwafa daga kowane littafi. Kai ɗalibi naka kawai ka shigar da sunanka da kalmar sirri sau ɗaya, ƙofar mujallun manyan kamfanonin wallafa irin su Elsevier da Wiley da Springer da rumbun mujallu na JSTOR ta buɗe maka, ko kana ɗakinka ko kana cikin jirgin ƙasa. Abin da ba su da shi kuma, ka cike fom su aro maka daga wata jami'ar ko daga Laburaren Birtaniya, wanda yake da katafaren rumbu a garin Boston Spa.

Ginin ma abin kallo ne. Da katin shaidar ɗalibi ake shiga, ka ɗora shi a kan na'ura ƙofar gilashi ta buɗe. Hawa na ƙasa ana hira da shan shayi, kana hawa sama shiru yana ƙaruwa, har ka kai benen da ko tari ka yi sai an ɗago kai an dube ka. Lokacin hunturu, da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa, amma ciki haske tar da ɗumi, kuma idan jarrabawa ta ƙarato ba a rufewa dare da rana. Aron littafi ma na'ura ce ke ba ka, ba ka jiran kowa ya dawo daga inda ya tafi.

Namu tsarin kun san shi. Handawut, layin fotokwafi, da kwafin kwafin da ya dushe har sai ka yi hasashen ƙarshen jimla.

Ba na cewa na nan ba shi da aibu. Akwai littattafan intanet da lasisinsu na mutum ɗaya ne ko uku a lokaci guda, ga aji na mutum sittin, sai ka tarar da sanarwa cewa wani yana ciki, ka jira. Wasu ba a bari ka sauke sai shafuka kaɗan. Ranar da ka gama karatu kuma aka rufe asusunka, duk ƙofofin nan sun rufe tare, domin haya jami'a take yi, ba mallaka ba. Amma ko an tara waɗannan duka, ba su kai rabin wahalar ɗalibin da zai rubuta kundin digiri na biyu da littattafan da aka buga tun kafin a haife shi ba.

Wata rana wani ɗan ajinmu, da zuciya ɗaya, ya tambaye ni yadda muke karatu a can idan babu duk waɗannan. Na ji zafin tambayar fiye da yadda na zata. Na gaya masa cewa babi ɗaya idan ya shigo hannunmu, mutum goma ne za su zauna a kansa, a karanta, a yi musu, a haddace, har takardar ta yage. A nan na ga waɗanda aka jera musu komai a gabansu, amma su shigo darasi ba su buɗe ko shafin farko ba. Wallahi da za a ba wa abokan karatuna na gida wannan kalmar sirrin ta wata shida kawai, da an ga abin mamaki. Ba ƙwaƙwalwa aka fi mu ba, kuma ba himma ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma, ba gaba ɗaya rashin kuɗi ba ne. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun kiwon lafiya kyauta ko a farashi mai sauƙi. AGORA ya biyo baya a 2003 a fannin noma, OARE a 2006 a fannin muhalli, yanzu duk suna ƙarƙashin shiri ɗaya mai suna Research4Life. A 2006 ɗin ne kuma JSTOR ya ɗage wa jami'o'in Afirka kuɗin shiga rumbunsa. Ga AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka wuri guda. Ni duk ban san da su ba sai da na tsallako teku. A jami'ar da na yi, akwai ɗakin kwamfutoci da aka rubuta wa suna laburaren intanet, amma babu ranar da wani ya shigo aji ya ce mana ga abin da ke ciki, ga yadda ake shiga. A nan, makon farko aka zaunar da mu awa guda cur, ma'aikacin laburaren da ke kula da sashenmu ya nuna mana komai, ya bar mana adireshinsa.

Makonni kaɗan bayan nan saƙo ya shigo mini daga malamin da ya duba aikina na ƙarshe a digirin farko. Bayan gaisuwa da tambayar sanyi, sai ya ce ko zan iya duba masa wata maƙala, yana so ya ba ɗalibansa, kwafinsa ya tafi da tsohuwar kwamfutarsa, shafin mujallar kuma yana neman ya biya da dala. Na kwafi taken na saka a akwatin bincike. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta buɗe, kuma sunansa ne a sama. Shi ya rubuta ta. Bincike ne a kan mutanenmu, wanda ya yi da kuɗin aljihunsa, na sani domin muna aji lokacin da yake tafiye-tafiyen tattara bayanan. Ni da ya koya wa yadda ake rubuta gabatarwa, ni ne nake da mabuɗin aikinsa, don kawai ina zaune a wani bene mai ɗumi a Ingila.

Na rubuta masa: "Allah ya gafarta Malam, ga ta nan." Ya amsa da addu'a mai tsawo, ya ce gobe zai kai a buga a raba wa 'yan aji. Na daɗe ina kallon saƙon, ina tuna ofishinsa da tarin takardun da ke kan tebur, da yadda yake ba mu littafinsa na kansa ya ce mu dawo da shi ranar Alhamis domin wasu na jira. Karatun Talatar makon ban taɓa shi ba a daren nan. Maƙalarsa na zauna na karanta, tun daga farko har jerin godiya, inda na tarar ya ambaci ɗaliban shekararmu da suka taya shi aikin.