Mota ta miliyoyi, taya ta gwanjo

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da masu manyan motoci a Gombe. Mutum zai zuba miliyoyi ya sayi Mercedes ko BMW, ya sa a wanke ta safe da yamma, man inji ma sai na cikin galan mai hatimi, amma ranar da taya ta cinye sai ka ji ya ce wa direba, "Je ka nemo mana 'yar Kwatano mai kyau, ka tabbata Michelin ce." Wai shi a dole sunan yake saye.

Ra'ayina shi ne, sabuwar taya ta kamfani mai matsakaicin suna, wadda lambobinta suka dace da motarka, ta fi tsohuwar Michelin ko Pirelli da aka cire daga motar wani a Turai. Na san masu sayar da tokumbo ba za su ji daɗin wannan magana ba, Allah ya ba su haƙuri.

Taya roba ce, kuma roba tana tsufa ko an hau ta ko tana jingine a shago. Ka duba gefenta, akwai layin da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana wa'azin cewa shekara 4 ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin shi kuma cewa ya yi daga shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wanne ka ɗauka, yawancin na gwanjon nan sun ci rabin rayuwarsu kafin su hau jirgin ruwa. A doka ma tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, sai dai kowa ya san yadda abin yake. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008, kasuwar ta koma hannun 'yan shigo da kaya, mai kyau da marar kyau duk a tsibi ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba tsufan ba ne. Da yawa daga cikin tayoyin da ake jibgewa a bakin titi na lokacin sanyin Turai ne. Za ka gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗan furen ƙanƙara a ciki, kuma zanensu cike yake da ƙananan tsage-tsage kamar an yanka da reza. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Mai shago zai danna maka ita da babban yatsa ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi nama, ko rabi ba ta ci ba." Gaskiya ya faɗa, naman yana nan. Amma ka ɗora wannan a kan kwaltar Gombe zuwa Bauchi a watan Afrilu da azahar, zafi ya doshi digiri 40, mota mai ƙarfin doki 400 tana tsala gudu bayan Alƙaleri, ka ce me kake jira?

Sai lambobin jikinta, waɗanda mutane ke karanta rabi su bar rabi. Ɗauki 245/45 R18 100Y. Faɗin tayar milimita 245 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 18. Nan kowa yake tsayawa. Amma 100 ɗin nan yana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 800, Y kuma tana jure gudun kilomita 300 a awa. W 270 ce, V 240, H 210. Wani zai ce shi ai ba ya wuce 140, me zai yi da Y? Jure gudu jure zafi ne, kuma mu zafi ne matsalarmu. Kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai. Idan ka samu wadda aka buga wa MO don Mercedes, ko tauraro don BMW, ko AO don Audi, madalla, da motar aka gwada ta. In babu, ba zan ce ka fasa saye ba.

Inda na saɓa da samari masu son ado shi ne girman rim. Waccan 245/45 a kan rim 18 gefenta ya kai milimita 110. Takwararta 245/35 a kan rim 20 kusan tsayinsu ɗaya a tsaye, amma gefenta milimita 86 ne kacal. Wannan ɗan bambancin shi ke tsakanin ka faɗa rami ka wuce da salati, da ka faɗa rami ka fito taya ta kumbura a gefe, rim ya lanƙwashe. Taya kuwa in ta kumbura a gefe zaren cikinta ya tsinke, babu mai facin da zai gyara ta, ko da ya rantse. Mai yawo a cikin garin Gombe tsakanin Jekadafari da GRA ya sa 20 ɗinsa ya more. Mai bin hanyar Kumo da Kaltungo zuwa Yola, ko Dukku zuwa Darazo, ya koma mafi ƙanƙantar rim da kamfani ya yarda da shi. Sai dai a auna tukuna, don motocin gudu na Mercedes (AMG) da na BMW (M) birkinsu babba ne, ba kowane rim yake shiga ba.

Irin tayar da ake iya ci gaba da tafiya a kanta bayan ta sace kuma, kilomita 80 ne iyakarta, a gudun da bai wuce 80 ba. Gombe zuwa Bauchi ya haura kilomita 150, kuma motocin da ke zuwa da ita yawanci ba su da safaya. In ta sace maka a tsakiyar hanya da ƙyar za ka kai, in ka kai ma ba lallai ka samu irinta a gari ba, sai an aiko daga Kano ko Abuja. Ni dai gara taya ta gama-gari da safaya da jak a but.

Kuma don Allah a daina canza ɗaya a bar uku. Aƙalla biyu, ta hagu da ta dama a layi ɗaya, iri ɗaya, sababbin su koma baya. Mai motar da ke ja da taya huɗu, wato 4MATIC a Mercedes ko xDrive a BMW, ya fi masa alheri ya canza huɗun, don bambancin tsayin taya yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya. A tuna wasu motocin tayar baya ta fi ta gaba faɗi, ba a musanya su.

Tayar gudu ba ta daɗewa, robarta an yi ta ne don kama kwalta, wanda ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Amma abin da ya fi kashe ta a nan shi ne iska. Yaron mai faci zai ɗura har sai ta yi tauri, ya buga mata ƙarfe ya ji ƙara, ya ce, "Oga, ta yi." Sayi gejinka, ka auna da safe kafin mota ta motsa, ka bi lambar jikin ƙofa. Wadda aka rubuta a jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, kada ka bari mai faci ya kai ta can.