Lemon tsami baya kashe ƙwayar cutar dake cikin ɗanyen kawa

Yan uwa na Gombe da Bauchi da kuke zuwa karatu ko kasuwanci Legas, Fatakwal ko Turai, akwai kawa, wannan abin teku mai ɓawo biyu da ake buɗewa a shanye shi ɗanye, wasu suna cewa wai in ka matsa lemon tsami ka zuba yaji shikenan ƙwayar cutar dake cikinsa ta mutu. Wallahi ba haka bane. Ƙwayar cutar, wadda ake kira Vibrio, tana zaune a ruwan teku ne, kawa kuma tace ruwa yake yi yana ci, sai ta taru a jikinsa, tsami ko barkono basa taɓa ta, wuta ce kawai take kashe ta.

Sai maganar wai daga Satumba zuwa Afrilu, lokacin sanyi a Turai, babu matsala a ci shi ɗanye. Eh, ƙwayar tafi yawa lokacin da ruwa yayi ɗumi, amma ko da sanyi ana kamuwa, ga kuma norovirus mai sa amai da gudawa da yafi yawa a lokacin sanyin ma. Kuma baka gane mai cutar da ido ko wari.

Mai ciwon hanta, mai suga, mai juna biyu, ku ce a dafa muku shi sosai.