Ɗumame ake ba mu da sunan bincike

Wallahi raina a ɓace yake. Wata 3 na yi ina bin 'yan ga-ruwa a Daura, daga rijiyar burtsatse zuwa ƙofar gidaje, ina tambayarsu nawa suke sayen jarka, nawa suke biyan hayar kura, wace unguwa ce ba sa shiga idan damina ta ɓata hanya. Wani dattijo har tafin hannunsa ya buɗe mini, duk kanta. Na rubuta, na kai wa malamin da ke duba kundin bincikena. Ko shafi 2 bai karanta ba ya turo mini abina: "Je ki laburare ki ga yadda na baya suka yi."

Na je. Kundi 7 na sauko da su, na buɗe babi na ɗaya. Mai magana kan kiwon awaki, da labarin Bayajidda ya fara. Mai magana kan tallan 'yan mata, shi ma Bayajidda, Daurama, macijin Kusugu, ruwa sai ranar Juma'a. Tarihinmu ne, ina alfahari da shi, amma me ya haɗa shi da awaki? Babi na biyu ya fi ciwo: jimla ɗaya, da kuskuren rubutu ɗaya, na gan ta a kundi 4, shekarunsu daban-daban.

Ba ɓoyayyen abu ba ne. A shagon kwamfuta mai buga takardu ya ce da ni, "Hajiya, kawo taken kawai, sauran akwai a filashi." Ya canza sunan gari, ya canza shekara, a yi bango mai ruwan zinare, a ba da maki. Wasu malaman ma haka suke yi da maƙalarsu: guda ɗaya a sauya mata take, a kai mujallu 3 saboda ƙarin girma. To wa zai tsawata wa ɗalibi?

A ƙasar da ta fitar da Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafin lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a nan ake ce mini in kwafi na baya!

Kuɗin mota, kuɗin bugu, duk daga ɗinkin mahaifiyata suka fito. Ranar Litinin zan mayar wa malamin da babin yadda yake, da maganar dattijon nan a shafin farko. Sai ya karanta.