Mai ihun "baƙi su tafi" ba ya tsayawa duba takarda

Shekaranjiya a teburin mai shayi a unguwar Aboabo ta Kumasi, nan Ghana, wani yaron layinmu, wanda har ranar sunansa na ci tuwo, ya miƙo min waya yana dariya, "Kawu, kalli wannan." Bidiyon TikTok ne, wasu a Accra sun ɗaga kwalaye suna ihu 'yan Najeriya su koma gida, wai su ne masu satar mutane, su ne masu tsafi, su suka kwace kasuwa. Yana kallo yana gyaɗa kai, wai ai gaskiya suka faɗa, sun cika mana gari. Na ce kakanka daga ina ya zo? Ya ce Sakkwato. Na ce to sha shayinka kar ya huce.

Ban yi masa faɗa ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ba shi labarin 1969. Ranar 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatin Firaminista Busia ta Ghana ta fito da dokar korar baƙi, duk wanda ba shi da takardar izinin zama aka ba shi sati biyu ya tattara ya-nasa-ya-nasa. To wa ke da takarda a zango lokacin? Mutanen da iyayensu suka zo fataucin goro ta Salaga tun Bature bai ja layin iyaka ba? Kakata har ta koma ga Allah tana ba da labarin maƙwabciyarta Bayarabiya, da ta sayar da keken ɗinki da gadon ƙarfe a kuɗin banza don masu sayen sun san ba ta da lokacin ciniki, ta hau lori da yara biyar waɗanda duk a Kumasi aka binne cibiyarsu, ba wanda ya taɓa ganin garin da ake cewa nasu ne. Dubban ɗaruruwa suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. An ce in sun tafi aiki zai samu, kasuwa za ta buɗe wa 'yan ƙasa. Gonakin koko ne suka rasa lebura, kuɗi ya ci gaba da karyewa, a Janairun 1972 sojoji suka kifar da Busian.

Sai 1983 reshe ya juye da mujiya. Farashin mai ya faɗi, zaɓe ya ƙarato, gwamnatin Shagari ta ce baƙi marasa takarda su fita, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo gida a shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Jakar nan mai zane da muke zuba kayan lefe da kayan Hajji a ciki, daga nan ta samu sunan Ghana Must Go, mu kuma muna kiran sunan ko a jikinmu.

Abin da nake so yaron nan ya gane shi ne duk lokacin da aljihu ya bushe, ɗan siyasa yana bukatar wanda zai nuna da yatsa, kuma baƙo ne mafi araha, ba ya zaɓe, ba shi da ɗan majalisa, in an taɓa shi ba wanda zai rasa kujera. A ƙarshen 2022 tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙasar nan, kuɗinmu sidi ya zama takardar tsire, har muka koma wajen IMF. Mai gyaran waya a Circle ta Accra ne ya ciyo bashin? Ko mai sayar da kayan mota a Suame Magazine?

Kar a ce na rufe ido. Akwai 'yan Najeriya da aka kama da damfara da safarar mata a nan, kamar yadda ake kama 'yan Ghana, kuma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki a kasuwa ga 'yan ƙasa, don haka 'yan GUTA, ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana, suna da abin faɗa in sun yi kuka. Amma doka kotu ke aiki da ita da 'yan sanda, mutum ɗaya da laifinsa. Ranar da taron samari suka ɗauki kwaɗo suna bin shaguna suna kullewa saboda harshen mai shagon, wannan wani abu ne dabam, kuma taro ba ya tantancewa.

A Afirka ta Kudu a 2008 an kashe mutum 62 da sunan korar baƙi, 21 daga ciki 'yan ƙasar ne, kala ko lafazi ne kawai ya ja musu. Yau ga ƙungiyar korar baƙi ta Operation Dudula da ta taso daga Soweto, suna tsayawa a ƙofar asibiti suna hana baƙi marasa lafiya shiga, har sun yi rajista sun zama jam'iyya. A Ingila a 2024 da aka kashe yara mata uku a Southport, kafin a san komai an baza a intanet cewa wanda ya yi kisan Musulmi ne ɗan gudun hijira, aka jefi masallacin garin, aka nemi ƙona otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham, ashe a Cardiff aka haifi makashin. A shekarar dai Trump ya tsaya a muhawara ya ce 'yan Haiti na cinye karnuka da magen mutane a garin Springfield na Amurka, hukumomin garin suka ce babu hujja, amma magana zarar bunu.

Mu 'yan zango ya kamata mu fi kowa jin tsoron wannan waƙar, don mun san yadda ake kallon sunanmu. Ni da aka haifa a Kumasi, aka haifi babana a Kumasi, na je wani ofishi yin rajista, matar ta karanta sunana ta ɗago kai ta ce, "Amma asali daga ina?" Na amsa mata da Twi, yaren Ashanti, ta yi dariya ta ce na iya sosai. Wanda ke bayana a layi ko kala ba a ce masa ba.

Abin kunyar kuma, mu ma muna yi. Saniya ta shiga gona a Agogo, sai ka ji a majalisa ana cewa ai Fulani duk haka suke, har da malamin da ya gama ja mana salla. Bazabarme ya buɗe shago a layi sai gulma ta tashi, ina ya samo jari. Yaron da ya nuna min bidiyon ma, da na tashi zan tafi sai ya biyo ni yana cewa, "Kawu, ai su da Ibo suke, ba da mu ba."

Na tambaye shi ko ya ga an rubuta Ibo a kwalin. Ya sake buɗe wayar ya duba. Najeriya aka rubuta. Ya mayar da ita aljihu, ya ce wai da gaske ne Bayarabiyar nan ba ta sake dawowa ba? Na ce keken ɗinkin dai yana gidan da aka saya har na yi wayo, Singer ne baƙi, ita kuwa ko wasiƙa ba a samu ba.