Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Wanzami: Malama, tsaya in fahimta. Jikan nan nawa watansa tara, ko mura ba ya yi. Shi ne za ki tsira masa allura, ki ɗura masa ƙyanda da hannunki?

Malamar asibiti: Baba, ƙwayar cutar ce, amma an karya mata ƙafa, ba ta da ƙarfin kwantar da shi. Sojojin jikinsa za su yi mata taron dangi, su haddace kamanninta. Ran da ta gasken ta zo, tun daga bakin ƙofa za su tare ta.

Wanzami: Au, gurgun ɓarawo ake kawo wa masu gadi su koyi duka a kansa?

Malama: Ka ma fi ni iya faɗa.

Wanzami: To in jikinsa ya yi zafi da dare fa?

Malama: Atisaye ake yi a ciki. Kwana ɗaya ko biyu ya wuce.

Wanzami: Ni da za ki ji tawa, a yi wa 'ya'yan maƙwabta kaf, nawa ya laɓe a bayansu.

Malama: In kowa ya yi wayonka, bayan wa za a laɓe? Mai ƙyanda ɗaya yakan harbi mutum 12 zuwa 18 cikin marasa rigakafi. Sai kusan 95 cikin 100 sun karɓa sannan take rasa hanyar kai wa jariran da ba su isa allura ba. Yaushe rabonka da ganin mai agana?

Wanzami: Tun ina riƙe wa mahaifina zabira.

Malama: To rigakafi ne ya ga bayanta. Wani likita mai suna Edward Jenner ya fara a Ingila a 1796 da aganar shanu, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu agana ko'ina.

Wanzami: Shanu! Allah Mai iko. Yi masa, 'yata. Kai kuma yi shiru, namiji ba ya kuka don ɗan tsinken nan.

Malama: An gama. Wannan tsumman da ke ɗaure a yatsanka fa?

Wanzami: Aska ce ta ɗan gaishe ni shekaranjiya.

Malama: Naɗe hannun riga, za a yi maka ta sarƙe-haƙora. Ita daga ƙasa da datti take shiga rauni, ba a laɓe mata bayan maƙwabci.

(Wanzami ya dubi allura, ya dubi ƙofa, ya tattare babbar riga. Takalmi ɗaya ya bari.)

Malama: Baba! Ka manta jikanka!

Wanzami (daga waje): Ku riƙe shi, ai shi ne mai sojoji!