Wa yake duba likita?

Ƙanena likita ne. Na daɗe ina son in rubuta wannan, sai yanzu da ya ba ni izini, da sharaɗin ba zan faɗi sunansa ko inda yake aiki ba.

A azumin 2020, wajen ƙarfe biyu na dare, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka gabana na faɗuwa, domin a Kano a waɗancan kwanakin na annobar korona kiran dare ba ya zuwa da alheri. Sai na ji muryarsa: "Yaya, kin yi barci?" Na ce a'a. Ya yi shiru. Can ya ce yana cikin mota a ƙofar gidansa tun sha biyu, ya kasa shiga. Mutum uku suka rasu a hannunsa ranar, ɗaya dattijo ne da ya riƙe masa hannu yana neman iska, tukunyar oksijin kuma tana kan wani. Shi ya zaɓi wanda za a sa wa. Ya ce, "Yaya, ni na zaɓa." Daga nan ban ƙara jin komai ba sai kukan namiji babba mai 'ya'ya biyu.

Kun san me na ce masa? Na ce ya yi haƙuri, aikin lada ne, Allah yana gani. Gaskiya na faɗa, ban kuma janye ta ba. Amma daga baya na gane cewa da wannan maganar na rufe masa baki. Ya ce "to, Yaya", ya kashe wayar, bai sake kirana da irin wannan ba har wata huɗu.

Masu mantuwa su tuna yadda lokacin yake. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020. Kafin wata ya ƙare, masu haƙa kabari sun fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu, manyan malamai da dattawan gari suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna iya zama da alaƙa da cutar. Wurin gwaji ya tsaya na wasu kwanaki. Asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe ƙofa. A cikin wannan hali likita zai sa rigar kariya ta leda a zafin Afrilu, bakinsa da azumi, in ma rigar ta samu ke nan. Marar lafiya zai ɓoye masa cewa ya yi tafiya ko yana tari, don tsoron a killace shi. In ya fito titi kuma ya ji ana cewa babu korona, ƙarya ce ta cin kuɗi. Wata uku kafin nan zazzaɓin Lasa ya kashe likitoci biyu a Kano. A jihar Katsina, mutum na farko da korona ta kashe likita ne a Daura. Ƙanena ya san duk wannan, kuma kullum da safe ya tafi.

A gida ya koma kwana a shagon ƙofa. 'Yarsa mai shekara uku takan rugo ta rungume shi, sai ya ja da baya ya ce a ɗauke ta. Maƙwabta da suka saba turo yara a duba musu zazzaɓi kyauta suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Ban zarge su ba, tsoro ne. Amma mutumin da ya wuni da gawa ya dawo ya tarar ana gudunsa, me ya rage masa?

Kuɗin haɗarin aiki da ake biyan likita a lokacin naira dubu biyar ne a wata. Dubu biyar. Da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta shiga yajin aiki a watan Yunin 2020 kan kayan kariya da alawus, na ga mutane a nan Facebook suna zaginsu da marasa imani. Wasu daga cikin masu zagin abokaina ne, har yau abin yana yi mini ciwo.

To amma kuɗi ba shi ne abin da ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne likita ba shi da inda zai kai kukansa. Ni da ke in damuwa ta yi mana yawa, muna iya zuwa asibiti ba wanda ya san mu. Shi fa? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. A gari ɗaya 'yan ƙalilan ne, kuma ko dai malaminsa ne da ya koyar da shi, ko abokin ajinsu, ko wanda za su haɗu a taro gobe. Katinsa zai bi ta hannun ma'aikatan da suke gaishe shi kowace safiya. A al'ummar da ake kiran Dawanau ko Kware ko Barnawa "asibitin mahaukata", wane likita ne zai yarda a ga ƙafarsa a can? Gobe a ce Dakta wane ya taɓu, shi ke nan, ba mai kawo masa ɗansa. Saboda haka sai su yi shiru. Wasu su rubuta wa kansu maganin barci. Wasu su zama masu faɗa da tsawa, mu kuma mu ce likitoci ba su da mutunci, ba mu san mutumin ya yi sa'a talatin a tsaye ba.

Ba a nan kaɗai ake wannan tsoron ba. A birnin Niyok na Amurka, Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa na wani asibiti, ta kamu da korona, ta warke, ta koma bakin aiki a tsakiyar mace-mace. A ƙarshen Afrilun 2020 ta kashe kanta, tana da shekara 49. Danginta sun ce ta ji tsoron kada neman taimako ya jawo mata rasa lasisin aiki. Ba su ɓoye ba, sun fito sun yi magana, har a watan Maris na 2022 aka sa hannu kan doka mai ɗauke da sunanta don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Mu ma a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Mataki ne mai kyau. Sai dai na tambayi ƙanena ko akwai wani ɗaki a wurin aikinsa da likita zai shiga ya yi magana a asirce, ya ce babu.

Akwai masu ganin cewa Musulmi mai tawakkali ba ya ciwon damuwa. Ina roƙonsu su sake karanta Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Addu'a ta riƙe ƙanena ƙwarai, shi da bakinsa ya faɗa. Amma mai hawan jini yana addu'a yana kuma shan magani, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Abin da ya ceto shi a ƙarshe ƙananan abubuwa ne, kuma duk sa'a ce. Wani babban likita, dattijo, ya lura hannunsa na rawa wajen sa allura. Bai yi masa faɗa ba. Ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, je ka gida kwana biyar, ni zan riƙe maka." Bayan ya dawo, dattijon ya ba shi labarin annobar sanƙarau ta 1996, yadda shi ma ya yi wata da watanni yana ganin fuskokin yara a mafarki. Ƙanena ya ce ranar ce ya fara yarda cewa ba shi kaɗai ba ne, ba kuma ragwanta ba ce. Sai wani zauren WhatsApp na 'yan ajinsu su takwas, inda in dare ya yi kowa ke faɗin abin da ya gani. Sai Hajiyarmu, wadda kullum bayan Asuba take kiransa, ba ta tambayarsa asibiti, sai dai ta ce, "Ka ci abinci?" Sai matarsa, baiwar Allah, da take ajiye masa kwano a bakin shago ta zauna daga nesa har ya gama. Daga baya ya yi magana da wata likitar ƙwaƙwalwa a wata jiha ta waya, ya sha magani na wasu watanni.

Duk waɗannan ba asibiti ne ya tsara su ba, ba gwamnati ba. Da dattijon nan bai lura ba fa? Annoba kuma ba ta yi mana sallama ba: kwalara ta zo a 2021, mashaƙo ya cika asibitocin Kano da yara a 2023, Lasa kuwa duk rani tana nan. Likitoci suna ta tafiya Saudiyya da Ingila, waɗanda suka rage aiki yana ninkuwa a kansu. Abin da nake nema daga shugabannin asibitoci da ƙungiyar likitoci ba mai tsada ba ne: a ƙayyade sa'o'in aiki a jere, a ba da hutu na dole bayan kwanakin annoba, a samar da layin waya da likita zai yi magana da ƙwararre daga wata jiha ba tare da sunansa ya shiga fayil ɗin wurin aikinsa ba. A haɗa da ma'aikatan jinya da unguwarzoma da masu shara, domin su ma sun ga abin da ya gani.

Bara na ba shi haƙuri kan abin da na ce masa a wancan daren. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Na tambaye shi me ya so in ce. Ya ce, "Da kin bar ni na gama faɗa, Yaya."