Mace mai ɗauke da HIV ma ita ke da ikon zaɓar tsarin iyalinta

Akwai tambayar da ba kasafai ake yi wa mace mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV ba idan ta je asibiti karɓar magani. Za a duba katinta, a ɗora ta a sikeli, a tambaye ta ko ta tsallake shan magani, a miƙa mata ƙwayoyin wata uku, amma da wuya wani ya ɗago kai ya ce mata, "Baiwar Allah, kina son ƙarin haihuwa ne ko kina son ki huta?" A ganina wannan shirun shi ne babbar matsalar, domin yana nuna an riga an yanke mata hukunci a zuci.

Hukuncin nan ya taɓa fitowa fili da mummunar kama. A shekarar 2014 Kotun Ƙolin Namibiya ta tabbatar da cewa an yi wa wasu mata uku masu ɗauke da cutar tiyatar tsayar da haihuwa a asibitocin gwamnati ba tare da cikakkiyar amincewarsu ba, kuma a 2020 hukumar daidaiton jinsi ta Afirka ta Kudu ta fitar da rahoto kan irin wannan koke daga mata 48. Hujjar masu yin haka ita ce kare jariri, alhali ilimin likitanci ya daɗe da rushe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a ɗauki mataki ba, yiwuwar uwa ta sa wa jaririnta cutar yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, amma idan tana kan magani lokacin goyon ciki da haihuwa da shayarwa, yakan sauko ƙasa da kashi 5. Haka kuma wadda maganin ya danne ƙwayar cutar a jininta har gwaji ya kasa gano ta, ba ta sa wa mijinta ta hanyar saduwa. Saboda haka wadda ke marmarin haihuwa shawara take bukata kan lokacin da ya dace, wato bayan gwaji ya nuna cutar ta kwanta.

Wadda kuwa ke son tazara, kusan duk hanyoyin da ke buɗe ga sauran mata a buɗe suke gare ta. Abin takaici shi ne sau da yawa kwaroron roba kawai ake tura mata da shi, kamar dai shi ke nan rabonta. Ba na raina amfaninsa, don shi kaɗai ne ke kare cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, sai dai amfani da shi yana hannun miji, kuma a yadda mutane ke amfani da shi yau da kullum, kimanin mata 13 cikin ɗari kan yi ciki a shekara guda. Ashanar da ake sawa a damtse da robar mahaifa kuwa, masu yin ciki da su ba su kai mace ɗaya cikin ɗari ba. Hikimar ita ce a haɗa biyu, wato kwaroron roba da ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyin.

Inda ake bukatar ma'aikacin lafiya ya zauna ya yi bayani shi ne karon magunguna. Maganin efavirenz, wanda aka shafe shekaru ana bai wa masu HIV, yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke cikin ashana, har wasu matan suka yi ciki da ita a hannunsu. Dolutegravir, maganin HIV ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019 ga kowa har da mata masu shekarun haihuwa, ba ya kawo wannan cikas. Amma tarin fuka abokin tafiyar HIV ne, kuma maganinsa rifampicin yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa na sha da ashana. A irin wannan hali allurar wata uku ko robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da sinadarin da wani magani zai taɓa kuma takan kai shekara goma tana aiki, sun fi zama abin dogaro. Ita robar mahaifar, akan jinkirta sa ta idan cutar HIV ta yi tsanani, har sai jiki ya murmure.

Wani zai ce ma'aikatan sun yi kaɗan, layi kuma ya yi tsawo, ina lokacin wannan dogon zance? Gaskiya ne, amma tura mace wani sashen a wata ranar, ta sake bin layi, ta sake bayyana sirrinta ga baƙuwar fuska, shi ke sa da yawa su haƙura su koma gida. Ma'aikaciyar da ke riƙe da katinta ita ta san maganin da take sha, don haka a ɗakinta ya kamata allurar da ashanar su kasance, a kan teburin da ake miƙa ƙwayoyin wata uku.